Neman tarin gajerun labarai: na kimiyya, na almara, da na bin sawu a zamanin da

Mushe na Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan zaure. Ina koyar da Faransanci a wani kolaj nan cikin Maradi, bana shekarata tara da alli a hannu. Tun bara na tsiri wata al'ada, ranar Asabar da hantsi in tara yaran da ke so a gindin bedin bakin ƙofar lakkol, in karanta musu labari, in fassara inda ya yi tauri, mu yi gardama kaɗan, kowa ya kama gabansa kafin rana ta take. Ba maki, ba tilas. Wani lokaci su goma sha biyar, wani lokaci su haura talatin.

Da dogon littafi na fara, kuma nan na yi kuskure. Yarinyar da ta zo wannan Asabar, ta gaba an aike ta niƙa. Yaron da ya fi kowa zaƙuwa sai a ce ya bi babansa ban ruwa a Gulbi. Kowane zama rabin lokacina na tafiya wajen "ina muka tsaya?" Wata biyu muna babi na huɗu. Daga nan na koma gajeren labari, wanda za a buɗe a rufe a zama ɗaya, wanda ya zo ya samu nasa cikakke, wanda bai zo ba bai ci bashi ba.

Abin da ya sa na zo gabanku ya faru sati uku da suka wuce. Na ba su tsohon labarin nan na Larabawa, na ƴaƴan Nizar su huɗu da ke kan hanyar Najran, suka gamu da mai cigiyar raƙumi. Ɗaya ya ce raƙumin mai ido ɗaya ne, ɗaya ya ce yana ɗingishi, ɗaya ya ce ba shi da wutsiya, na ƙarshe ya ce mai gudun mutane ne, alhali ba wanda ya gan shi cikinsu. Na tsaya nan, na rufe kaye, na ce to ta yaya suka sani? Shiru. Can sai wani yaro da ba ya magana a kilas ko an matsa masa, babansa dillali ne a kasuwar dabbobi, ya ɗaga hannu ya ce: "Mushe, kashin ne. Mai wutsiya yana watsa shi, marar wutsiya tsibi guda yake ajiyewa." Kuma haka yake a labarin. Na ido ɗayan ma su suka warware, wai ciyawar gefe guda kawai ya ci. Ranar sai da mai gadi ya kore mu.

Tun daga nan ba su da magana sai "Mushe, irin na raƙumin nan." Wasu kuma, mazan aji na ƙarshe musamman, na taurari da mutum-mutumi suke so, saboda abin da suke gani a waya. Ƴan matan sun fi son na aljanu da sarauniyoyi.

To tambayata biyu ce. Ta farko, waɗanne tarin gajerun labarai kuka sani na waɗannan iri uku, da Hausa ko Faransanci, Turanci ma in ya kama zan yi fama da ƙamus? Ta biyu ita ta fi cin raina: me ya hana mu samun labarin bin sawu da ke faruwa a tsohuwar Maradi, ta cikin kwari, kafin ambaliyar 1945 ta sa a hauro tudu? Muna da dogarai, muna da alƙalai, muna da fatake da masu bin sawun ɓarayin shanu. Kayan miya sun haɗu, mai girkin ne ban gani ba.

Baba na Mokoyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan aiki. Ni jikata ke buga mini, ina faɗa tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne.

Kana neman abu a nesa alhali yana cikin aljihunka. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ai tarin gajerun labarai ce, littafi uku, tun ƙarshen shekarun 1930. Dubi yadda ya ɗinke na farkon: aku na ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Kowane labari na tsaye da ƙafarsa, zaren akun kuma na riƙe da su duka. Wannan shi ne maganin ciwonka na yaran da ke zuwa yau su ɓace gobe. Mu a zamaninmu lakkol ba ta koya mana karatun Hausa ba, wani ɗan kasuwa mai zuwa Katsina ta Jibiya ne ya kawo mini nawa, na koyi haɗa baƙin da kaina a kansa, ina aikin gidan waya. Har yau yana nan, bangon ya tafi, na ɗinke shi da zaren buhu.

Na taurari kuma kada yaranka su ɗauka sai Bature. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya, ta fito a Zariya a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Yaro ne wani baƙo daga sama ya ɗauka ya zaga da shi. Ba tari ba ne, amma siriri ne, Asabar uku ka gama. A Faransanci nemi Contes et légendes du Niger na Boubou Hama, littattafai ne da yawa, namu ne na gida.

Bin sawu kuwa, akwai na tuffa uku a Dare Dubu da Ɗaya. Masunci ya jawo akwati daga kogin Dijla, Haruna Rashidu ya saya, aka buɗe aka tarar da gawar mace. Halifa ya ba waziri Ja'afaru kwana uku ya kawo mai kisan ko a rataye shi. Amma ni wannan waziri bai taɓa burge ni ba. Kwana ukun nan a gida ya zauna yana jiran mutuwa. Mai laifin da ƙafarsa ya zo ya tona kansa. Karo na biyu ma da aka ce ya nemo bawan da ya haddasa abin, sai da ya rungumi autarsa yana bankwana ya ji tuffa a aljihunta, ashe bawan gidansa ne. Wannan ba bincike ba ne, sa'a ce. Da a gidan waya yake aiki da tuni an sallame shi.

Ƴar Jami'a ta rubuta:

Ina wuni Baba, ina wuni Mushe. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, fannin kimiyya, kuma irin waɗannan labaran ne suka sa na zaɓi fannin, don haka bari in sa baki.

Ga mazan nan masu son mutum-mutumi, ba abin da ya kai Les Robots na Isaac Asimov, na 1950. Labari tara ne, kuma dabararsa irin ta akun da Baba ya faɗa ce: wata tsohuwar masaniya ce ke ba ɗan jarida labaran ɗaya bayan ɗaya. Abin da zai yi maka daɗi, Mushe, shi ne kusan kowane labari wasa ƙwaƙwalwa ne. An kafa wa mutum-mutumi doka uku: kada ya cuci ɗan Adam ko ya bari a cuce shi, ya bi umarni in bai karya ta farko ba, ya kare kansa in bai karya biyun farko ba. Sai a kawo wanda ke yin abin hauka, a ce nemo dalili cikin dokokin nan. Akwai wanda aka aika ɗebo wani ma'adini a duniyar Makyuri, ya kama zagaye wurin kamar jakin da aka ɗaure a turke, bai isa ba, bai dawo ba. Dalili: umarnin da aka ba shi sako-sako ne, haɗarin wurin kuma babba, sai doka ta biyu da ta uku suka yi kunnen doki. Rubuta dokokin a tablo ka rufe littafi kamar yadda ka yi da raƙumi, ka ga abin mamaki.

Chroniques martiennes na Ray Bradbury ma 1950 ne, amma shi ba lissafi yake ba, waƙa yake. Akwai guda a ciki na gidan da ke ci gaba da dafa kalaci yana sanar da lokaci bayan mutanensa duk sun hallaka a yaƙi. Na karanta shi dare ɗaya da aka ɗauke wuta, da hasken waya, ban yi barcin kirki ba.

Na Afirka kuma yawancinsu Turanci ne, nan ne ƙamus ɗinka zai sha wuya. Nnedi Okorafor na da tari mai suna Kabu Kabu, 2013. Sunan kaɗai zai sa yaranka dariya, sai dai nata ba babur ba ne irin namu, tasi ce marar takarda da ta ɗauki wata lauya a Shikago za ta kai ta filin jirgi, tafiyar ta zarce inda ba a zata ba. Tana da wani dogon littafi ma, The Shadow Speaker, da ta kafa a Nijar ta shekarun 2070. Ga ƴan matanka, Lesley Nneka Arimah, What It Means When a Man Falls from the Sky, 2017. Cikinsa akwai matar da ke aiki a shagon gyaran gashi, a duniyar da mata ke ƙera jariransu da hannu daga abin da suka samu, ita kuma talauci ya sa ta haɗa nata da gashin da ta share a ƙasa. Karanta shi kai kaɗai tukuna kafin ka kai musu, yana da nauyi. Sannan akwai Africanfuturism: An Anthology da Wole Talabi ya tattara a 2020, kyauta aka sake shi a intanet, da mujallar Omenana, ita ma kyauta.

Na Tsibiri ya rubuta:

Malam, sannu da ƙoƙari. Tambayarka ta biyu na zo amsawa, don na daɗe ina juya ta. Aikina a kotu ne, ina rubuta abin da shaidu suka faɗa, saboda haka labarin bincike in ya yi ƙarya nan da nan nake jin wari.

Fara da Robert van Gulik. Ɗan ƙasar Holan ne, jami'in jakadanci, ya ƙware a Sinanci. Ya samu wani tsohon littafin Sin na ƙarni na 18 a kan alƙali Di, wanda mutum ne na gaske, Di Renjie, da ya yi zamani a ƙarni na 7 ƙarƙashin daular Tang. Ya fassara shi a 1949, daga baya ya shiga ƙirƙiro nasa. A Faransanci Juge Ti ake ce masa, a jerin Grands Détectives na 10/18, kuma akwai tari guda na gajeru takwas da ya fito da Turanci a 1967. Irinsu kan faɗo hannun masu baza tsoffin littattafai a ƙasa a Yamai, can na tsinci biyu.

Dalilin da ya sa na ce shi, ba Sherlock Holmes ba: Holmes na da gajerun labarai 56, masu daɗi ne, amma Landan ce ta jirgin ƙasa da tangaraho, kuma mutum ne mai zaman kansa da ake biya. Alƙali Di kuwa shi ne mai bincike, shi ne mai shari'a, shi ne mai gari, yana da ƴan barandansa da yake aikawa kasuwa su saurari zance. Cire hular Sin ka naɗa masa rawani, ka samu fadar Maradi.

Kuma van Gulik ya ci karo da matsalar da kai ma za ka ci karo da ita. Ya lura cewa a tsoffin labaran Sin ana nuna mai laifi tun farko, kuma fatalwa da mafarki na shigowa su taimaki alƙali. A wanda ya fassara ma alƙalin ya kwana a ɗakin bauta yana neman mafarki. Da ya zo rubuta nasa sai ya ɓoye mai laifi har ƙarshe, ya rage hannun fatalwa ƙwarai.

To ga inda gizo ke saƙa a wurinmu. Ka kafa labari a zamanin sarkin Maradi Ɗan Baskore, a ce an sace buhun wuri a gidan wani baƙon fatake. Mai karatu Bahaushe zai tambaye ka: me ya hana a je wajen mai duba? Me ya hana a kai maganar gidan Iya, uwar ƴan bori ta fada, su hau? Me ya hana a ba wanda ake tuhuma Alƙur'ani ya rantse? In ka share waɗannan ka yi ƙarya, don mutanen lokacin da su suke rayuwa, mu nan Tsibiri gidan Inna, takwarar Iya, ba tatsuniya ba ne. In kuma ka bar aljani ya faɗi sunan ɓarawo, ka kashe wasan, yaron dillalin nan ba shi da abin ɗaga wa hannu. Ina jin wannan ne ya sa marubutanmu suka fi sakewa a almara, inda zobe ko tsuntsu ke warware komai.

Mafitar da na gani ita ce a bar su duka a ciki, amma a matsayin shaidu. Mai duba ya faɗi nasa, kuma mai binciken ya tambayi kansa wa ya shiga zauren mai duban jiya da dare, da me a hannu. Rantsuwa ta zo, amma abin lura shi ne wa ya yi rashin lafiya ranar da za a yi ta. Tsoron da mutane ke yi na gaske ne, kuma tsoro na barin sawu kamar kofato. A kotu ina ganin haka kullum.

In kana son tarihi mai ranaku, ga shi a ƙasar Tasawa. Yulin 1899, Kanar Klobb da aka turo ya tsayar da ta'asar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga wata bisa umarnin Voulet. Cikin kwana uku sojojinsu baƙaƙe suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, kaburburansu na can. Abdoulaye Mamani ya ɗauki ɓangaren yaƙin da suka yi da Sarauniya a Lugu cikin littafinsa Sarraounia, 1980, amma waɗannan kwana ukun na jiran mai alƙalami. Ka sa wani malami ɗan garin da aka tilasta wa tafinta, ya riƙa haɗa abin da kowane soja ya gaya masa. Ko ka koma 1851, lokacin da matafiyin nan Bajamushe Barth ya ratsa Tasawa da sunan Abdulkarim, ka sa wani abu ya ɓace a ayarin.

Uwar Biyu ta rubuta:

Malam, ni uwa ce, biyu nawa na kolaj. Don Allah wannan na gawa cikin akwati a bar shi sai sun girma. Kuma in za a kawo bori a gaya wa iyaye tukuna, kar yaro ya je gida ya ce Mushe na koya musu hawan iska, a wayi gari an rufe muku gindin bedin. Ka san garin namu.

Baba na Mokoyo ya rubuta:

Hajiya ta yi gaskiya. Amma ƴata, tatsuniyar da kakarki ta yi miki, Dodo bai haɗiye kowa ba a ciki?

Mushe na Bagalam ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana goma ne don ina so in dawo da abin faɗa. Hajiya, na ji, tuffa uku na ajiye ta, kuma na je na gaida dirakta na shaida masa abin da muke yi kafin wani ya riga ni. Baba, na aika a sayo mini Magana Jari Ce na ɗaya a Katsina, direban ya ce sai Laraba.

Ƙanwata ta jami'a, dokokin nan uku na rubuta su a bayan wani tsohon kalanda na rataya a jikin bedi. Ban samu littafin ba tukuna, da baki na ba su labarin mai zagayen daga abin da kika rubuta. Sun gano, amma ba ta inda na zata ba. Wata yarinya ta ce ai wannan ƙanenta ne in an aike shi gidan da ke da kare: ba ya shiga, ba ya komowa gida, sai ya tsaya bakin lungu yana kai da kawowa har a biyo sawunsa.

Malam na Tsibiri, kai ka hana ni barci. Asabar da ta wuce na jefa musu naka: tsohuwar Maradi, baƙo ya sauka da buhun wuri, da safe buhun ya zama yashi, mai duba ya ce bawan gidan ne. Na ce kowa ya rubuto ƙarshensa a shafi ɗaya, da Hausa ko Faransanci. Goma sha ɗaya suka kawo. Shida aljani ya bayyana ya faɗi gaskiya. Uku an yi wa bawan duka har ya amsa, abin da ya sa na tsaya muka yi doguwar magana a kan ko amsawar wanda ake duka shaida ce. Ɗaya ta sa mutum-mutumi ya zo daga 2070 ya duba, na bar mata, ban da ikon hana ta.

Na ƙarshen na ɗan dillali ne. Da Hausa ya rubuta, baƙaƙen duk a karkace, ba aya ko ɗaya tun daga sama har ƙasa. Dogarinsa bai tambayi kowa komai ba. Ya zuba yashin a tafin hannu ya ga fari ne mai laushi, na cikin Gulbi, ba jan na tudu ba, kuma da sauran danshi. Sai ya zaga gari yana duba ƙafafun jakuna, don a cewarsa ba mai ɗauko yashi cikin buhu daga Gulbi a ka da tsakar dare. Ya samu jakin da laka ta bushe masa a kofato a gidan ƙanen mai duban. A nan shafin ya cika, ya tsaya. Na ce ina sauran? Ya ce Mushe kai ka ce shafi ɗaya.

Na ba shi kaye sabo mai shafi 100 daga cikin nawa. Yanzu abin da nake nema, in akwai wanda kakansa ko kakarsa ta zauna a tsohon garin kafin ruwan 1945 kuma tana da sauran ƙarfin magana, ya taimaka ya haɗa mu. Yaron na tambayata ƙofa nawa garin ke da su, da ta wacce ake fita zuwa Gulbi, da ko ana rufe su da dare, don ya ce in ana rufewa to mai tsaron ƙofa ma da hannunsa a ciki.